Wane amfili ne ya dace da hedfon ɗinka?

Matasan da ke harkar sauti a Yamai, daga masu haɗa waƙa a ƙananan situdiyo na Bukoki da Talaje zuwa masu tace murya a gidajen rediyo, suna yawan kawo ƙorafi iri ɗaya. Mutum ya tara kuɗi ya yi odar hedfon mai suna, ya iso, ya jona shi a waya ko kwamfuta, sai ya ji ko ƙarar ɗan ƙaramin nan na jika biyu bai kai ba. Wanda ya ɗan san harkar sai ya ce masa, “Ai sai ka haɗa da amfili.” Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ba. Wane amfili? Akwai wanda ɗalibi zai iya tara kuɗinsa, akwai wanda ya fi mota tsada, kuma mai tsadar yana iya ɓata sautin hedfon ɗin da mai arahar zai tashe shi lafiya lau. Lambobi uku ko huɗu ne ke raba gardamar, kuma duk wanda ya iya lissafin canji a kasuwa zai iya lissafinsu.

A cikin yawancin hedfon, kowane ɓangaren kunne yana da maganaɗisu, da naɗin waya siririya ƙwarai, da tantani mai laushi manne da naɗin. Wuta ta ratsa naɗin, ya motsa gaba da baya, ya ja tantanin, tantanin ya kaɗa iska, kunne ya ji. Tsohon tsari ne, kamfanin Beyerdynamic na Jamus ya fitar da DT 48 a kansa tun 1937. Aikin amfili shi ne ya karɓi siginar da ta fito daga waya ko kwamfuta, ko daga na'urar DAC mai juya lambobin fayil zuwa wutar sauti, ya ba ta ƙarfin da zai motsa naɗin nan yadda ya kamata ba tare da ya canza mata kama ba. Duk na'urar da ke da ramin jona hedfon tana da ɗan amfili a ciki. Abin tambaya shi ne ko na cikin ya isa.

Ƙarfin da ake magana iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne tushen yawancin ruɗanin. Akwai volt, wato ƙarfin turi, akwai kuma yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya. Kowane hedfon yana da turjiya, wato yadda yake tare wa wuta hanya, ana rubuta ta da ohm a jikin kwali. Mai turjiya babba, irin Sennheiser HD 600 da ya fito a 1997 da ohm 300, turi mai ƙarfi yake so amma wutar da yake sha kaɗan ce. Mai ohm 16 ko 32 kuwa turi kaɗan ya ishe shi, sai dai yana zuƙar wuta. Amfili yana iya zama gwani a ɗaya ya gaza a ɗayan. Waya tana aiki da batir mai volt wajen 4, kuma abin da take turawa kunne galibi bai wuce volt ɗaya ba. Ɗan adaftan USB-C na Apple da ake sayarwa a Amurka volt ɗaya yake bayarwa, na Turai kuwa rabin volt, saboda dokokinsu na kare ji. Da yake kayanmu da yawa daga Faransa ƴan uwa ke aiko su, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Masu turjiya babba daga situdiyo da gidajen rediyo suka samo asali. A can ana jera hedfon da yawa a layi ɗaya. Biyar masu ohm 32 in an jera su, amfili zai ga nauyin ohm 6 da ɗoriya, ya durƙusa; masu ohm 600 kuwa ko goma aka jera, ohm 60 zai gani. Da Sony ya fito da Walkman a 1979, mai aiki da ƙananan batir biyu, volt 3 gaba ɗaya, sai kasuwa ta karkata ga masu ƙaramar turjiya. Har yau Beyerdynamic yana sayar da DT 770 Pro da ohm 32 da 80 da 250, suna ɗaya, kamanni kusan ɗaya. Wanda ya yi oda bai duba wannan layin ba, ya ɗauko na 250 don wayarsa, shi ne zai zo yana cewa an sayar masa da jabu, alhali kayansa na gaske ne.

Turjiya ita kaɗai ba ta gaya maka wahalar tashin hedfon. Lamba ta biyu ita ce kaifin amsawa, wato desibel (ma'aunin ƙarar sauti) nawa zai bayar in an ba shi miliwat ɗaya, kaso ɗaya cikin dubu na wat. Desibel yana da nasa hali: in ka ninka ƙarfi sau biyu, desibel 3 kacal za ka ƙara, sai ka ninka sau goma ka sami desibel 10, wanda kunne ke ji kamar ƙarar ta ninka biyu. A lissafin amfili an saba ɗaukar desibel 110 a matsayin ƙololuwa. Ba wanda zai zauna yana sauraro a wannan ƙarar. An tanade ta ne don bugun ganga ko tashin murya da ke zuwa ya wuce cikin ƙiftawar ido, domin kada amfili ya sare masa kai.

To ga lissafin a aikace. Audio-Technica ATH-M50x, wanda ya cika ƙananan situdiyo ko'ina, yana da ohm 38 da desibel 99. Kafin ya kai 110 yana buƙatar miliwat 13, wato ƙasa da volt ɗaya. Waya mai kyau ta ishe shi, saya masa babban amfili ba zai ƙara masa komai ba. Ɗauki wani mai ohm 300 da desibel 97: miliwat 20 yake nema, ba yawa, amma kafin a tura su ta cikin ohm 300 sai an sami volt 2 da rabi. Wannan ne waya ta kasa. Sai HiFiMan HE-6 na 2010, mai ohm 50 kacal, wanda in turjiya kaɗai ka duba za ka ce mai sauƙi ne. Kaifinsa desibel 83.5 ne, saboda haka yana neman wajen miliwat 450, volt kusan 5, da wuta miliamfiya 95, kusan ninki goma sha biyu na abin da mai ohm 300 ɗin ke sha. Irinsa ne ke sa a ƙera amfili mai nauyin kilo da yawa, kuma a wurinsa wannan nauyin yana da dalili.

Akwai tarko biyu a takardun talla. Wasu kamfanoni suna rubuta kaifin a kan volt ɗaya maimakon miliwat ɗaya, lambar ta fito da girma. A hedfon mai ohm 32 tazarar da ke tsakanin rubutun biyu desibel 15 ce, a mai ohm 300 kuma wajen 5. Haka nan wat ɗin da ake rubutawa a jikin amfili ba shi da ma'ana in ba a faɗi a kan ohm nawa aka auna shi ba. Amfilin da ke ba da wat ɗaya a ohm 32 yana da turin volt 5.7, wanda a ohm 300 zai koma miliwat ɗari da ƴan kai.

Lamba ta uku ita ce ta fi damuna, don ita ce ba kasafai ake rubuta ta a kwali ba, kuma ita ce ta fi canza sauti. Amfili shi ma yana da tasa turjiyar a bakin fita, kuma ita da ta hedfon raba turin suke yi tsakaninsu. In amfili yana da ohm 120 aka jona masa hedfon mai ohm 32, kashi 21 cikin ɗari na turin ne kawai ke isa kunne, sauran ya ƙare a cikin amfilin. Wannan ohm 120 ɗin kuwa ƙa'idar IEC 61938 ta 1996 ce ta ba da shawararsa, lokacin da ake neman hedfon iri-iri su ba da ƙara kusan ɗaya a rami ɗaya. Tsofaffin amfilin falo da wasu teburan haɗa sauti har sun wuce haka, domin ramin hedfon ɗinsu daga wutar lasifika aka ɗebo shi aka rage ta da resista, ɗan abin da ke tare wa wuta hanya.

Da asarar ƙara ce kawai, da sai a murɗa maɓalli a wuce. Matsalar ita ce turjiyar hedfon mai naɗi ba ta tsaya wuri ɗaya. HD 600 ohm 300 ne a tsakiyar sauti, amma a wajen 100 Hz, inda bas yake, yakan haura ohm 500. A kan amfili mai ohm 120, tsakiyar sautin za ta sami kashi 71 na turi, bas ya sami wajen 81, bambancin desibel ɗaya ke nan. A wannan hedfon ɗin abin bai yi muni ba, wasu ma son sa suke, su ce sautin ya yi ɗumi. Amma ƴan ƙananan nan masu tsada da ake cusawa cikin kunne, masu lasifika uku ko biyar a ciki, turjiyarsu kan sauka ƙasa da ohm 10 a wani wuri ta haura ninkin haka a wani. A kansu ko amfili mai ohm 5 yana iya sauya sauti da desibel da yawa, har mutum ya rantse ba kayan da ya gwada jiya ba ne.

Sai kuma batun tsayar da tantani. Mai ganga bugu kaɗai ba ya isar sa, hannunsa na hagu yana kan fata yana tsayar da ita a lokacin da ya so, in ya ɗauke hannun sai bugu ya riƙa shiga cikin bugu. Amfili mai ƙaramar turjiya shi ne wannan hannun. Naɗin da ke motsi cikin maganaɗisu yana haifar da tasa wutar, in ta sami hanya buɗe ta cikin amfili sai ta zame masa birki. In turjiyar amfilin ta yi yawa, birkin ya yi sanyi, bas ya kumbura ya rasa baki. Daga nan aka sami ƙa'idar kashi ɗaya cikin takwas: turjiyar amfili kada ta wuce ɗaya bisa takwas na ta hedfon. Mai ohm 32 yana son amfilin da bai wuce ohm 4 ba, mai ohm 300 zai jure har wajen 37. Hedfon irin na planar, kamar na Audeze da HiFiMan, da aka shimfiɗa wa layin wuta a kan tantani mai faɗi maimakon naɗi, turjiyarsu miƙaƙƙiya ce daga ƙasa har sama, don haka wannan bai cika taɓa launin sautinsu ba. Su dai a ba su wuta.

Ana iya auna wannan lambar ba tare da kayan miliyoyi ba. Na ga an yi a wata rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwar Katako. Wani saurayi ya kawo ɗan teburinsa na haɗa sauti, ya ce duk waƙar da ya gama a hedfon yana jin bas ya cika, sai ya rage, in an sa ta a taksi kuma sai ta fito fayau ba nauyi. Mai gyaran ya sa aka kunna sautin gwaji na 100 Hz daga waya, ya soka filogi a ramin hedfon, ya ɗora mita a kan wayoyin, ya murɗa har ta nuna volt ɗaya. Sannan ya zazzage wani gwangwanin madara cike da tsofaffin kaya a kan tabarma, ya tsinto resista mai ohm 33, ya laƙa ta tsakanin wayoyin biyu. Mita ta faɗo zuwa 0.4. Ya ɗauki biro ya rubuta a bayan kwali: a raba ɗaya da 0.4 a sami 2.5, a cire ɗaya, a ninka da 33. Ohm kusan 50. Saurayin ya ce, “Maigida, to lalacewa ya yi ke nan?” Ya ce, “Lafiyarsa lau, yarona. Ba don hedfon mai ohm 32 aka yi ramin nan ba. Ko ka nemo mai ohm 250, ko ka sa ɗan amfili tsakani.” Gyaran da ya rage masa ke nan, kuma ya fi sayen sabon tebur sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙarfi in ya yi yawa shi ma matsala ne. Kowane amfili yana da ɗan hucin da yake fitarwa ko ba a kunna komai ba. A hedfon mai ohm 300 ba za ka ji shi ba, amma ɗan ƙaramin cikin kunne da miliwat ɗaya ke kai shi desibel 110 zai kawo maka shi tsaf tsakanin waƙa da waƙa. Sannan maɓallin ƙara na gargajiya, a farkon murɗinsa ɓangaren hagu da dama ba sa tafiya daidai, kuma in amfilin ya fi ƙarfin hedfon, a wannan farkon za ka maƙale kullum. Shi ya sa amfili mai hankali yake da makunnin rage ninki, wato yawan ƙarfin da yake ƙara wa sigina.

Yanzu ga cikin akwatin. Masu tiranzisto su ne mafi yawa. A ajin A tiranzisto yana buɗe kullum, yana shan wuta ko da sauti ko babu. Amfaninsa shi ne babu wurin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki a tsakiyar sigina, inda ƙaramar jirkita, wato sauyin kamannin sauti, kan shiga. Kuɗinsa zafi ne, domin ko a lissafin takarda abin da yake mayarwa sauti bai wuce kashi 25 zuwa 50 na wutar da ya ci ba. Ajin AB ya raba aikin tsakanin tiranzisto biyu, ya rage zafin, sannan ya share jirkitar da dabarar da Harold Black ya gano a Bell Labs a 1927: a ɗebo kaɗan daga abin da ya fita, a gwada da abin da ya shigo, a soke bambancin. Kusan duk amfilin zamani a kan wannan dabarar yake tsaye. A 2011 wani injiniya da ya ɓoye sunansa yana amfani da laƙabin NwAvGuy ya wallafa zanen amfilin da ya kira Objective2, mai aiki da ƙananan ƙwayoyin op-amp na araha da batir biyu masu volt 9, turjiyarsa wajen rabin ohm, ya kuma buga awonsa kowa ya gani. Wannan ya girgiza kasuwar. A shekarun da suka biyo baya fasahar THX AAA da kamfanonin Sin irin su Topping suka saukar da jirkita ƙasa da kashi 0.001 cikin ɗari a farashin da bai kai na hedfon mai kyau ba. Shi kansa hedfon, in an ƙure shi, jirkitarsa a wajen bas takan kai kashi ɗaya cikin ɗari. Wato amfilin ya riga ya fi abin da yake tuƙawa tsabta sau ɗaruruwa.

Masu kwalba, irin fitilun gilashin da ke haske a cikin rediyon kakanninmu, wata duniya ce daban, kuma ba na cikin masu raina su. Jirkitarsu ta fi yawa, amma galibinta ninki na biyu ne na sautin asali, wanda kunne ke karɓa da daɗi. Waɗanda ba su da taransifoma a bakin fita, kamar Bottlehead Crack da ake sayarwa a warwatse mutum ya haɗa da kansa, turjiyarsu wajen ohm 120 ce. Haɗa shi da HD 600 ko HD 650, za ka gane dalilin da ya sa mutane ke ƙaunarsa: murya ta matso, bas ya ɗan cika. Haɗa shi da planar mai ohm 32 ko ɗan cikin kunne, ka yi asarar kuɗi biyu. Abin da nake so mai saye ya sani shi ne launi yake saye, launin da aka ƙara wa sautin. Don sauraron dare a gida, wannan zaɓi ne mai kyau. Don haɗa waƙar da za ta je kunnen jama'a kuwa, launin zai ruɗe ka kamar yadda teburin saurayin nan ya ruɗe shi.

Ramin balans, mai fil huɗu na XLR ko na milimita 4.4, a taƙaice amfili biyu ne ke tura kowane kunne ta ɓangarori biyu. Turi ya ninka biyu, desibel 6 ke nan. In hedfon ɗinka yana neman ƙarfin, ya yi amfani. In ba ya nema, igiya kawai ka sauya. Masu tsarin electrostatic kuma, irin na Stax da ke Japan wanda ya fara sayar da SR-1 a 1960, ba su da naɗi ko maganaɗisu, tantaninsu yana rataye tsakanin faranti biyu da cajin volt 580, kuma dole sai da nasu amfilin na musamman. A wannan layin ne Sennheiser ya yi Orpheus a 1991, guda 300 kacal, sannan ya sake HE 1 a 2015, mai gindin marmara da kwalba takwas, a kan wajen yuro 50,000, kusan sefa miliyan 33.

To me kuɗi ke saya in amfili na araha ya riga ya tsarkaka? Yana sayen abubuwa na gaske, kuma bai kamata a musanta ba. Ƙarfin da zai tashi irin su HE-6 ko ɗan uwansa Susvara. Maɓallin ƙara mai matakai, kamar na Benchmark HPA4 mai mataki 256, kowanne rabin desibel, inda hagu da dama ke tafiya daidai ko a ƙasan ƙasa. Da'irar kariya da ke yanke hedfon in wani abu ya ƙone a ciki. Jiki mai ƙarfi, da kayan da za a iya kwancewa a gyara bayan shekara goma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa amfili biyu masu tsabta, masu ƙaramar turjiya, waɗanda ba a ƙure su ba, ɗaya zai “buɗe” sauti ɗaya ya “rufe” saboda farashi. Wanda ke shakka ya gwada, amma ya daidaita ƙarar biyun da mita tukuna, ya kuma sa wani ya riƙa sauya igiyar a bayansa. Rabin desibel na ƙari ya isa ya sa kunne ya ce wannan ya fi daɗi, kuma yawancin gwajin da ake yi a shago a nan yake karkacewa. A ganina kaso mafi girma na kuɗin ya tafi ga hedfon, domin tsakanin hedfon da hedfon bambancin yakan kai desibel biyar ko goma a wurare daban-daban na sauti, sannan a nemo amfilin da lissafi ya nuna.

Akwai abin da masu sharhin Turai da Amurka ba sa sawa a lissafi, mu kuwa dole. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40. Amfilin ajin A da aka ƙera ana tsammanin ɗaki mai digiri 25, a nan ya fara aiki ne da ƙarin digiri 15 kafin ya haifar da nasa zafin. Kafasito masu ruwa a ciki, waɗanda ke tace wutar kowane amfili, ƙa'idarsu ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Kwalba 6080 guda ɗaya, irin wadda ke cikin Crack, wajen wat 16 take ci don ɗumama kanta kawai, kuma in ta gaji ba a kowane lungu za ka sami madadinta ba. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi, ajin AB mai jikin ƙarfe da ke watsar da zafi ya fi masa kwanciyar hankali. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta ramukan iska, ta kwanta a kan faranti mai shan zafi, ta shiga maɓallin ƙara ya fara ƙarar-ƙarar in an murɗa. Ƙyalle mai rufewa bayan an kashe na'ura ya huce yana rage wannan sosai. Mai Stax kuwa ya san ƙura ce babbar abokiyar gabarsa, a akwati yake ajiye shi.

Wutar gidajenmu volt 220 ce, 50 Hz. Amfilin da aka yi wa kasuwar Amurka da taransifoma mai nauyi yana jiran volt 120, in aka soka shi a bango kai tsaye ƙonewa zai yi. A duba bayan na'urar ko jikin cajarta: in an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Masu sola su lura da irin injin da ke juya wutar batir zuwa ta gida. Masu araha ba sa fitar da wuta mai santsin lanƙwasa, kuma taransifomar amfili takan yi gurnani a kansu, gurnanin ya shigo kunne. Haka gidan da ba a binne wayar ƙasa ba: ka jona kwamfuta a caji, ka ji zuuu a hedfon, ka zare cajar, ya ɗauke. Laifin ba na amfilin ba ne. Saboda duk wannan, ƙananan amfili masu batir, ko masu cin wuta daga USB da ke iya ba da volt 2 zuwa 4, sun fi dacewa da mutane da yawa a nan fiye da yadda ake zato. Sun wadatar da mai ohm 250 ko 300, kuma in an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba.

Kunnen da ake yi wa duk wannan hidimar shi ma yana da lissafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4, a 100 kuma minti 20. Amfili mai tsabta yana da haɗarin da na banza ba shi da shi, domin na banza in ka ƙure shi sauti ya fashe ka rage da kanka, mai tsabtar kuwa ba ya yi maka wannan gargaɗin. Wanda ke aiki kusa da titi ko kusa da janareto ya nemi hedfon rufaffe mai tare hayaniya maimakon ya yi ta ƙara murɗi. In ka cire hedfon ka ji kunnenka yana kuka, ka wuce gona da iri a ranar.

A ɗaki kuma a saba da wannan tsarin: a kunna DAC ko kwamfuta, sannan amfili, a mayar da maɓalli ƙasa, a jona hedfon daga ƙarshe. Wajen kashewa a zare hedfon tukuna. Wasu amfilin, musamman masu kwalba da na haɗin gida, suna sakin ɗan bugun wuta lokacin kunnawa da kashewa, naɗin da ke cikin hedfon mai ƙaramar turjiya kuwa ba ya jure shi sau da yawa. In wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki, zare hedfon ka kashe makunnin amfili nan take, kada ka maido shi sai wutar ta dawo ta ɗan zauna.